Ɗaya Tukuna, Sai Biyar

Ƙarfe biyu saura kwata na dare a Oulu.
Dusar ƙanƙara ta binne kekena har sirdi,
kofi na uku ya huce ban kurɓa ba.
Na'urori ɗari da tamanin ke jirana a allo,
a bayansu takardun magani na kantunan arewa,
har can Kemi, inda wata tsohuwa
za ta zo karɓar allurar sukari da hantsi.

Da na so, maɓalli guda ya isa:
ku tuɓe tsohuwar manhaja, ku saka sabuwa, dukanku.
Minti shida, ina kan hanyar gida.
Haka Veikko ya yi shekara uku baya.
Waƙafi ɗaya ya ɓace masa a layi na arba'in da ɗaya,
ɗari da tamanin suka haɗiye kuskuren tare,
ba wadda ta yi musu,
suka kwanta tare.
Har yau in aka ambaci watan Maris
sai ya tashi wai zai ɗebo ruwa.

Shi ya sa na rubuta: ɗaya tukuna.
Sai biyar. Sai ashirin-ashirin.
In biyu suka faɗi a rukuni, a ja birki,
kada a taɓa sauran.

Ta farko na zare ta daga layi
yadda ake janye bas ɗaya daga tasha
fasinja bai ankara ba.
Ta yi shiru. Na ƙirga numfashina.
Goma sha tara, ashirin,
ta farka, na tambaye ta lafiya, ta amsa da kore.
Biyar suka bi sahunta, kore, kore,
sauran na ɗauke da kayan waɗanda suka tafi wanka
ba ƙorafi, sai ƙugin fanka ya ɗan ƙaru.

Aikin nan rabinsa jira ne.
Na kan ji kunyar faɗa wa mahaifiyata
ana biyana in kalli layuka suna hawa.

A rukuni na huɗu ja ya fito.
Sai wani jan.
Komai ya tsaya cak, yadda na ce ya tsaya,
ɗari da goma sha huɗu ba a taɓa su ba,
suna ta hidima, ba su ma san an yi ba.

Sunayen tsuntsaye Veikko ya raɗa musu.
Waɗanda suka faɗi, Kuikka ta bakwai da ta tara.
Na leƙa cikinsu: rumbu ya cika maƙil
da tsofaffin bayanan da ba mai karantawa,
shekara huɗu ana tarawa, ba mai sharewa,
sabuwar manhaja ta rasa wurin ajiye ƙafa.
Ɗan hakin da ka raina.

Ban tashi kowa ba.
Na share, na ƙara layi uku a umarnin:
kafin ki karɓi sabo, duba ko kina da wuri.
Na sake farawa daga tushe.
Waɗanda aka gama da su suka ce, mu an riga,
aka wuce su kamar maƙwabcin da an gaisa da safe.

Ilmari ya turo saƙo: Saimi ta farka, ta nemi ki,
na ce kina kwantar da na'urori.
Ta ce nawa ne? Na ce da yawa.
Ta ce to ki bi su ɗaya-ɗaya, kar su yi kuka.

Biyar da minti goma rukunin ƙarshe ya dawo.
Motar kwashe ƙanƙara ta wuce, fitilarta na lasar bango.
Gobe ba wanda zai ce sannu,
don ba wanda ya ga komai,
iyakar ladan ke nan, kuma ya ishe ni.

Na rubuta wa Veikko: Kuikka biyu sun ƙoshi, na yi musu magani.
Na zubar da kofin,
na fita tono kekena.